Tsinke Ba Ya Shiga Mota

"Ina gajiya, mijina? Ka tashi lafiya, ko gwiwar ta ce a bari sai gobe?"

Lydia ce, jikar Baba Stephen, tsaye a ƙofar ɗakinsa a unguwar Narayi da igiya a hannu. Tsohon maharbi ne. Ciwon gwiwa ya sa ɗansa Benson ya ɗauko shi daga ƙauye, shi kuwa ya kafe sai da karensa na farauta, Tsinke. Jiya Tsinke ya cafke kazar maƙwabta, Benson ya rantse yau kare zai koma ƙauye. Ya turo 'yarsa, don ita kaɗai ke iya bakin tsohon.

"Lafiya lau, mummunar mata. Igiyar fa? Ke za a ɗaure?"

"Ta ƙasusuwan nan ce da kake kira kare. Daddy ya ce a kai shi gareji, a sa shi a motar ƙauye."

"Ƙasusuwa? Haka irinsu suke, ciki a shafe, ƙafa zaƙo-zaƙo. Gada uku ya kamo mini rana ɗaya!"

"Bara biyu ka ce."

"Ɗayar ta haihu."

"Jarumi! Yanzu ya koma farautar kazar Maman Favour."

"Ke kika lalata shi! Wa ya wanke shi da sabulu mai ƙamshi? Wa ya ɗura masa taliya da zafinta? Hanci ya toshe, ina zai bambance kaza da makwarwa?"

"Ni na cire masa kaska, ni na kai shi allura. Kai ban da fito me kake yi masa?"

Tsohon ya dafa kan kare. Gaskiya tsoro yake ji. Gona ta tafi, bindiga ta tafi, a duk garin nan Tsinke kaɗai ya san shi lokacin da yake da ƙafa.

"Ba inda za shi. In dole ne, a sa mu tare."

"Shi a gaba, kai a but."

"Ina nan daram! Kai, na ma ba ki shi. Kyautar miji, ba a mayarwa."

"In yi me da shi? In shanya kaya a haƙarƙarinsa?"

"Sunan wa kika ci?"

"Na marigayiya matarka. Wadda ta yi haƙuri da kai."

"Ubanki me yake kiranki?"

Lydia ta ce, "Mama."

"To je ki gani ko yana da bakin korar karen uwarsa."

Ta dubi tsohon, ta dubi kare, sai dariya ta ƙwace mata har igiya ta faɗi.

"Mugun tsoho! Ka ci, wallahi ka ci."

Ta gyara ɗankwali, ta riƙe ƙugu, ta juya tsakar gida.

"Benson! Fito nan, ɗana. Wa ya ce a taɓa mini kare?"