Ni da Kujerar Bayan Jar Mota

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na kai kaina bayan wata jar mota ba. Lokacin ina neman zama wakilin Alhaji Sabo a birnin Guangzhou na China, wani ɗan kasuwar Kano da ke son wanda zai riƙa duba masa kaya kafin a loda. Mu uku muke neman aikin, kuma duk na fi su baki.

Alhaji yana da ciwo ɗaya, tara tsofaffin motocin Amurka. Muna fitowa daga masallacin Huaisheng ya ce in raka shi wani sito a Huangpu, wurin wani ɗan China mai irin ciwonsa. Motoci biyu ya je gani. Ɗaya ja ce mai ƙofa biyu, kusan rabinta inji ne, in aka tayar da ita har a haƙoranka kake ji. Ɗayar baƙa ce doguwa, kujerunta kamar na falo, ba ruwanta da gudu, ita dai tafiyar ƙasaita.

Ni kuwa (duk ilimina na mota a bidiyon waya na samo shi) sai na gyara murya. "Alhaji, jar nan ita ce mota. Ita masu tarawa ke rububi. Waccan ai ta 'yan fansho ce."

Ya dube ni. "To ni a ina zan zauna? Ka san ba na tuƙi."

"Baya mana, ranka ya daɗe. Akwai wuri."

Mai siton ya girgiza kai yana cewa "meyo, meyo", wato babu. Na yi kunnen uwar shegu, na kwantar da kujerar gaba, na tattara babbar rigata, na kutsa.

Shiga dai na shiga. Hulata ta zauna a waje. Gwiwoyina suka tokare min haɓa, hannun riga ya naɗe a ƙarfen kujera, ita kuma kujerar ta koma ta datse. Amma daga tsakanin gwiwoyin nan na iya cewa, "Ka gani, Alhaji? Daɗi."

Sai da ma'aikata biyu suka jawo ni ta ƙafa. Na fito, riga ta ƙi fitowa. (Saboda zafin garin ban sa 'yar ciki ba, singileti ce kawai, ita ma mai huji.) Na tsaya a gabansu, kunya ta rufe ni, na tabbata aikin nan ya tafi.

Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ya zaɓi baƙar. A hanyar komawa ya ce, "Gobe ka je kasuwar Shahe ka duba min kaya. Mai shiga da kansa ya gwada nake nema. Amma ka riƙa gwadawa kafin ka buɗe baki."

Har yau ni ne wakilinsa. Ban ƙara yabon abin da ban gwada ba, kuma ko zafi zai kashe ni, sai na sa 'yar ciki.