Guzurin Kwamfuta Goma Sha Biyu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba.

Da na gama sakandare, Inna ta kai ni koyon aiki shagon Malam Iliya mai gyaran kwamfuta a Tudun Wada. Kai, ina kewar shagon nan! Fanka mai ƙara kamar injin markaɗe, ƙamshin ƙosan Maman Ladi daga bakin titi, Malam yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Ya yi mini alkawari, in na gama babban aiki ɗaya ba kuskure, zai riƙa bar mini makullin shago.

Sai ga aikin. Wata firamare a Gyallesu ta samu tsofaffin kwamfutoci goma sha biyu, za a sa musu manhajar Linux. Akwai ɗan ƙunshin bayanai da kwamfuta ke fara ɗorawa a ƙwaƙwalwarta in an kunna ta, shi ke nuna mata hanyar babban faifai. Malam yana ce masa guzuri, kuma kullum da tsarin ext2 yake ɗaure shi. Ni kuwa (uwar iyayi) na karanta a waya wai wani tsari, squashfs, ya fi matse kaya, na canza a ɓoye. Ya ce, "Hadiza, kin kashe ɗaya kin kunna kin gani?" Na ce, "Tuni, Malam." Wallahi ban yi ba, sauri nake in je kitso.

Ranar Asabar ɗin da za a buɗe ɗakin kwamfutocin, iyaye suka cika aji, har da Inna da sabon mayafinta, tana zungurin ta kusa da ita: "'Yata ce, injiniya." Hedimasta ya ce in kunna. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, har da yanga.

Farin rubutu ya zubo a baƙin allo, ya tsaya cak. Duka sha biyun.

Wani dattijo ya gyara tabarau. "Yarinya, karatun ke nan, ko dai sun rasu?" Aji ya kwashe da dariya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malam ya leƙa, ya yi ƙasa da murya. "Da me kika ɗaure guzurin?" Na faɗa masa. "To abin da zai iya kwance shi yana ina?"

"A cikin guzurin, Malam."

"Wato kin kulle ɗaki, makulli yana ciki."

Sai ya juya ya ce wa iyaye laifinsa ne, shi ne bai duba ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya miƙo mini filashin gyara: "Injiniya, bismillah." Kafin in gama mayar da ext2, an cinye shinkafar bikin an watse.

Wata uku ya ƙara mini kafin in ga makullin shago. Da zai ba ni ya ce, "Wannan a jaka ake sa shi, ba a cikin shago ba."

Yanzu in aka ce mini "kin gwada?", sai na gwada sau biyu kafin in buɗe baki. Kitso kuwa, ya jira.