Jan Waken Hasiya

"Sannu da hanya, amaryata. Ina mutan Gabi? Mai jego ta samu lahiya?"

Rabi'u ne ke ta jero gaisuwa tun kakarsa Hasiya ba ta gama saukowa daga kabu-kabu ba, kuma duk wanda ya san Rabi'u ya san ba ya tsawaita gaisuwa sai in akwai abin da yake ɓoyewa. Mako biyu tsohuwar ta yi a Gabi wurin jegon wata jikarta. Kafin ta bar Madarumfa ta damƙa masa ɗakinta da gayaunarta, tunda hutun lakwal, wato makaranta, ya dawo da shi daga Maradi, ba shi da aikin da ya wuce wasan noma a wayar salula. A wasan nan yana da gona, yana da wata aljana mai ba shi iri da labarai, kuma shuka kwana uku take yi ta nuna.

Hasiya ta amsa sama-sama ta shige ɗaki. Jim kaɗan ta fito da tukunyar da take ajiye irin jan wakenta cikin toka. An fasa lakar da ta liƙe bakin, ba komai ciki sai tokar. Waken nan uwarta ce ta ba ta ranar da aka kawo ta gidan miji. Shekara hamsin tana shukawa tana cire iri, kuma ba wanda ya rage da irinsa a danginsu sai ita.

"Mijin banza, ina wakena?"

"Daga dawowa sai tuhuma? Ko ruwa ba ki kawo ma maigida ba."

"Ruwa na rijiya. Ina wakena?"

"Yana gona, inda wake ke zama."

Ta zauna a kan turmi. Shi kuwa ya shiga bayani yana kallon ƙasa. Kwana uku da tafiyarta aka yi ruwa, ya ga ƙasa ta yi duhu, ya ce bari ya ba tsohuwa mamaki. Ya kwashi irin duka ya shuke. Ta tambaye shi ko ya tona ƙasa da hannu ya ga inda damshi ya tsaya, kamar yadda kowa ke yi kafin ya ɗauki sungumi. Bai tona ba. Ruwan nan yayyafi ne, ko hatsi ba wanda ya shuka a kansa, balle wake da ake bari sai hatsi ya tashi. Yau kwana goma sha ɗaya sama ba ta ƙara ɗigo ba.

"A cikin wasan in anka yi ruwa shuka akai," in ji shi.

"A cikin wasan wa ke cin tuwon? Ka zubda mini ruwan tulu don ka ga hadari cikin salula."

"Ke ma da laihinki. Mace ta tahi yawon suna ta bar miji da gona."

"Miji na bari ko ɗan akuya? Ɗan akuya ma in ya ci iri ana samun taki."

"Yi a hankali, tsohuwa, kar in sake ki. Wa za shi kwashe ki, haƙori huɗu?"

"Huɗun nan sun tauna abin da kai ba ka iya nomawa. Je ka gaya ma aljanarka ta maido mini wakena."

"Ba ta hita daga salula."

"Ashe ta hi ka hankali."

Da wata rana ce, da nan sun yi dariya. Amma yau Rabi'u ya ji tsoro, don bai taɓa ganin kakarsa tana zaginsa idonta na ƙasa ba. Ta miƙe ta ce ya wuce gaba, ko gawar waken ce tana son ta gani da idonta.

A hanya ba ta bar shi ya huta ba. Ta ce yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Ya ce ai da tsohuwar zuma ake magani, amma tata zumar ta tsufa har ta yi ɗaci. Ta ce gobe za ta kai shi gun alƙali a raba auren. Ya ce alƙali zai tambaye ta shekarunta, kuma ba ta san su ba. Suna cikin haka suka hango gayaunar.

Abin ba kyan gani. Tsiron ya fito, rana ta bi shi ta ƙone, ya kwanta a kan rairayi kamar zaren da aka yar. Hasiya ta bi layi tana tonawa da ɗan yatsa, ba abin da take samu sai busasshen kwanso. Ta ce Innalillahi a hankali, ta kira sunan uwarta.

Sai can gefen da ke kallon tabki ta ga kore. Layi biyu ne da rabi. Kowane gindi an yi masa 'yar kwarya ta ƙasa mai damshi, an kafa masa karan dawa da ɗan buntu don inuwa. Ga bido huɗu, jarkokin ɗibar ruwa, a jingine, da gwangwanin tumatir da aka huda gindinsa da ƙusa.

"Wannan kuma aikin wa?"

"Na mijin banza."

Ashe tun da ya ga tsiron ya fara lanƙwasa yake jido ruwa daga tabki, safe da yamma, bido ɗaya a ka. Duka gonar ta fi ƙarfinsa, sai ya zaɓi abin da zai iya. Masu wucewa suna ta yi masa dariya, wai jikan Hasiya na ban-ruwa a gonar damina kamar mai lambun salati.

"Cikin wasan in ka tsallake ban-ruwa rana guda, shuka mutuwa takai," in ji shi. "Shi kaɗai na sani."

Ta durƙusa ta ƙirga gindin ɗaya bayan ɗaya, ta sake ƙirgawa. Sittin da uku. Ba za a ci ko ƙwaya ba bana, amma in Allah ya kawo ruwa iri zai fita. Ta kama hannunsa ta juya, ta ga tafin duk ya yi kanta ya fashe, wuyansa kuma ya saɓule inda bido ke goga.

"Ji hannu kamar na mutum."

"To, za mu gun alƙalin?"

Dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye. Ta kwance bakin zanenta ta ciro soyayyen naman suna da ta ƙullo wa kanta, ta danna masa a hannu.

"Aure na nan har roron wake, daga nan mu gani. Zamna ka ci. Miƙo mini gwangwanin."