Ta'aziyyar Dilawar, Jirgin da Aka Ƙi Cika wa Tanki

Da zuciya mai nauyi, wadda har yau ba ta gama sanin abin da ya same ta ba, ni Ilyas Kapadiya, mai sayar da yadi a tsohuwar kasuwar Karachi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan fatsa da duk mazauna bakin tashar Kemari rasuwar jirgin ruwana, Dilawar. Ya rasu ranar Lahadi ta biyu a watan Satumba, da hantsi, a tsakiyar teku, muna hango tsibirin Charna. Shekarunsa ashirin da uku a duniya, ɗaya daga ciki a hannuna. An jinkirta sanarwar ne saboda wani rashi da ya biyo baya, wanda za a ambata idan an zo wurinsa.

Marigayin fari ne tas, tsawonsa ƙafa arba'in da biyu, da inji biyu a cikinsa, da kujerar kokawa da kifi kafe a bayansa. Hannu uku ya bi kafin ya zo nawa, kuma duk sun rabu da shi suna yabonsa suna ajiyar zuciya. Da safe idan aka murɗa makulli, injin dama yakan yi tari sau biyu, guf, guf, sannan ya kama. Na hagu ba ya tari, da gurnani yake farawa kai tsaye, har kofin shayi ya yi ta rawa a kan teburi. Wanda ya san shi yana iya gane muryarsa daga cikin masallacin tasha.

Ba zan ɓoye aibinsa ba, don duk Kemari ta sani: mashayi ne. Lita ɗari biyu na dizal a awa idan aka sake masa. Na san haka tun kafin in saya. Jirage biyu dillali ya nuna mana. Ɗayan mai inji guda ne, mai hankali, lita talatin ta ishe shi a awa, sai dai awa huɗu da rabi yake yi kafin ya kai mutum ruwa mai zurfi, can bayan Charna, inda manyan kifaye suke. Dilawar kuwa awa ɗaya da rabi. Ni mutum ne da ke juya ambulan ya sake aika ta, kuma nakan kashe fanka ko da alwala zan fita yi. Da don kaina ne, da ko kallon Dilawar ban yi ba.

Don yayana na saya, Ghaffar Bhai, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shekara arba'in ya yi yana bin jiragen haya na katako kowace Lahadi, burinsa ya kama kifin nan mai baki kamar mashi da masunta ke kira doki, bai taɓa dacewa ba. Sai ƙodarsa ta gaza. Ana yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, kuma likita ya kafa doka: a kan ruwa kada ya wuce awa shida. Da jirgi mai hankalin, zuwa da dawowa kawai awa tara ne. Da mashayin, uku a hanya, uku ana fatsa.

Ranar gwaji ina tsaye ina kallon allurar mai tana sauka, shi Bhai yana kujerar baya, iska na neman raba shi da hularsa.

"Ilyas, daina kallon allurar nan," ya ɗaga murya. "Za ka riga ni kwanciya a asibiti."

"Bhai, ka san abin da muka ƙone daga tasha zuwa nan kuwa?"

"Na sani mana. Kai mai kake ƙonewa, ni awoyi nake ƙonewa. Wanne ake sayarwa a gidan mai?"

A ranar na saya, ko cinikin kirki ban yi ba. Har yau akwai maƙwabtana a kasuwa da ba su yarda da wannan labarin ba.

Ana yi wa marigayin kyakkyawar shaida. Sau goma sha tara muka fita da shi, bai taɓa mayar da mu a makare ba. Ba ya tsoron igiyar ruwa, ba ya jiƙa wanda ke zaune a baya, kuma idan aka rage masa wuta ana jan fatsa yakan yi wani irin minshari mai daɗi da yake sa Bhai gyangyaɗi da sanda a hannu. Mun cika akwatin ƙanƙara da kifin surmai har maƙwabta suka fara ɓuya idan sun hango ni da leda. A watan Maris doki ya ci ƙugiyar Bhai. Minti ashirin suna ja, ya yi tsalle sau biyu, ya tsinke zaren ya tafi. Bhai ya zauna yana haki yana dariya, ya ce, "Na gan shi, ya gan ni. Bayan damina ma ƙarasa maganarmu."

Rashin lafiyar marigayin ta samo asali ne a ƙarshen Mayu, lokacin da teku ta fara tashi, kowa ya ɗaure jirginsa na wata uku kamar yadda aka saba. Matuƙinmu, Nakhuda Dad Rahim, wanda a bakin ruwan nan aka yanke masa cibi, ya same ni a shago. Seth yake kirana, kamar yadda ake kiran maigida ɗan kasuwa a nan.

"Seth, a cika tanki har baki kafin a lulluɓe shi."

"Lita dubu biyu? Ta zauna wata uku tana kallona ina kallonta?"

"Tanki idan da sarari a cikinsa gumi yake yi, Seth. Iskar damina ruwa ce zalla. Ruwan ya taru ya kwanta a ƙasa, datti ya tsiro a kansa."

"Haba Dad Rahim, tanki ɗan dako ne da zai yi gumi? Ranar da za mu fita a zuba."

Ya dube ni, ya shanye shayinsa, ya ce, "To, jirginka ne." Wata takwas na yi ina sayen mai ban yi ƙorafi a gaban kowa ba, sai nake ganin na cancanci hutu. Kwata ne a tankin, haka na bar shi.

Damina ta ci Ghaffar Bhai fiye da yadda muka zata. Kafin Satumba ta kama, daga mota zuwa kujera ma ɗaukarsa ake yi. Likita ya ce mu je sau ɗaya, kada mu sake tambayarsa na biyu. Dad Rahim ya ce a fara wanke tankin, aikin kwana huɗu ne. Lahadi kuwa saura kwana biyu, kuma ban san yadda wata Lahadin za ta same mu ba. Na sa aka canja filta, aka zuba sabon mai a kan tsohon.

A cikin tasha lafiya lau, don ruwa kwance yake. Da muka fita inda teku ke jijjiga jirgi, abin da ya kwanta a ƙasan tanki ya tashi. Injin hagu, wanda bai taɓa tari ba, ya yi tari. Ya fitar da farin hayaƙi, ya yi ƙara guda kamar an saki guduma a cikin tukunya, ya yi shiru.

"Seth, mu juya a hankali da ɗayan," in ji Dad Rahim.

Na dubi agogo, na dubi Bhai. Yana ɗaura ƙugiya, bai ɗago ba. Na ce, "Ba shi wuta."

"Seth, tanki ɗaya suke sha."

"Na ce ka ba shi wuta."

Ya ba shi. Injin dama ya ɗauki nauyin biyu na minti goma sha biyu, yana wani kuka siriri da ban taɓa ji daga gare shi ba. Abin da ya furta na ƙarshe shi ne guf, guf, irin na safiya, amma wannan karon bai kama ba. Daga nan sai ƙarar ruwa a jikin jirgi.

Awa biyu muna yawo a kan ruwa kafin wani jirgin masunta na katako ya jefo mana igiya. Jan ya ɗauki abin da ya ɗauka. Awa shidan likita ta zama tara da rabi. Bhai yana kwance a inuwa, leɓɓansa sun bushe, ga shi ruwan sha ma auna masa ake yi. Muna gab da tasha ya yafito ni.

"Ilyas, yau dai ka ji daɗi. Dubi tafiyar da muke yi, ko ɗigo ba mu ƙone ba."

Na kau da kai ina kallon igiyar da ke jan mu.

"Yi dariya mana, ɗan rowa. Ka bar ni ina yi ni kaɗai, ga numfashi ya yi tsada."

Bai tambayi abin da ya samu injinan ba, a ranar ko bayanta. Dad Rahim kuma bai faɗa masa ba.

Ustad Nazir, makanikin tasha, ya buɗe marigayin washegari. Na hagu fistin ya huje, na dama ya buga, kayan gyaransu kuma an daina yin su tun kafin shi Ustad ya yi gemu. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Seth, wannan sai addu'a."

Rashin da na ce zan ambata shi ne wannan: Ghaffar Bhai ya rasu kwana goma sha tara bayan haka, Allah ya jiƙansa. Likita ya ce ranar teku ba ita ce sanadi ba. Na ji shi. Sanarwar rasuwar layi huɗu ce a jarida, ɗansa ne ya rubuta, don da aka miƙo mini biro zama na yi ina kallonsa. Ban yi kuka a maƙabarta ba, ban yi ranar uku ba. Mutane sai yaba haƙurina suke yi. Ba haƙuri ba ne, ba na jin komai ne. Ina buɗe shago, ina auna yadi, ina cin abin da aka ajiye a gabana, ina rufe shago. Sanarwar jirgi ce kawai hannuna ya yarda ya rubuta.

Marigayi Dilawar ya bar Nakhuda Dad Rahim, wanda har yau bai ce mini "ai na faɗa maka" ba, da ma ya faɗa. Ya bar sandunan fatsa shida, ɗaya da ƙugiyar da ba a gama ɗaurewa ba. Ya bar akwatin ƙanƙara da har yanzu yake ƙarni, da farar hular Bhai da muka tsinta a ƙarƙashin kujera, da wani kifi a bayan Charna da ake da sauran magana da shi. Ya bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar azahar a tashar Kemari. Za a ciro injinan biyu a kai su kasuwar ƙarafa ta Shershah, inda ake saye da awo. Gangar jikin jirgin kuwa, wani mutum ne ya karɓa, zai sa mata ƙaramin inji guda, mai shan lita talatin a awa, ya riƙa kai masu yawon shan iska tsibirin Manora. Kujerar baya ba ta sayarwa ba ce, kada a tambaya.

Ba a buƙatar fure, ba a buƙatar abinci. Masuntan da ke da ƙananan jirage su zo da jarkoki. Makon jiya na sa aka wanke tankin tas, aka cika shi har baki, lita dubu biyu. Dad Rahim ne ya riƙe bututun, bai tambaye ni komai ba. Za a raba man sadaka ga Ghaffar Bhai, kowa ya ɗiba har jarkarsa ta cika, masu jirgin katakon da suka ja mu su ne a gaba. Ni ina kujerar baya, da hular a hannuna. Ba zan kalli allurar ba.