Mushen Unguwar Gabas

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fita neman jaki a garin Magarya, jakin da ban taɓa mallaka ba, ban ma taɓa hawa ba. Zamanin Nasara ne, ina matashin malamin lakwal, wato makarantar boko, wata uku ke nan da turo ni daga Damagaram. Wando kaki, takalmi sau-ciki, tabarau a kan hanci, alli a aljihu. In ina tafiya ji nake ƙasa ma ta san wanda ya taka ta. Yaran ajina kuwa sai da na hore su suka iya kirana "Misye" da bakin Faransanci tsaf (wanda duk ya karkace baki, bulala biyar a tafin hannu).

Damuwata ɗaya ce, wurin zama. Ɗaki guda aka ba ni a bayan aji, ni da buhunan gyaɗar gonar lakwal da ɓeraye. Matata Rabi tana can gidan iyayenta da jaririyarmu, surukina kuma ya rantse ba zai sako ta ba sai na samu gida mai zaure da katanga. "'Yata ba gyaɗa ba ce da za a jibge ta a sito," in ji shi. Ga damina na matsowa, in ruwa ya ɓata hanya sai kaka. Gaskiya ina kewarsu, har abinci ba ya mini daɗi.

Ana haka dillali ya nuna mini gidan wani bafatake da ya koma Bande, a unguwar gabas. Zaure, ɗaki biyu, rijiya a tsakar gida, ga tsamiya mai inuwa. Muka daidaita, aka sa ranar Juma'a bayan masallaci a ƙulla ciniki gaban mai unguwa. Sai na tuna maganar mahaifina, wai a sayi maƙwabci kafin a sayi gida. Na ce lalle sai na binciki unguwar nan. Amma in na je da kaki da tabarau, kowa yabon kansa zai yi. Dabara ta faɗo mini, irin dabarar da sai mai ilimi take faɗo wa: in ɓad da kama.

Ranar Alhamis ba lakwal. Na aro tsohuwar riga da rawani wurin mai goron bakin kasuwa, na cire tabarau (daga nan duniya ta koma hazo-hazo), na ɗauki sanda da guntuwar igiya. Ni ne baƙauye daga Sasumburum, jakinsa ya ɓata.

Daidai ƙofar gidan, a tsallaken hanya, na tarar da wata tsohuwa zaune kan tabarma da ƙwarya a gabanta. Iya Delu ake ce mata, kamar yadda na sani daga baya. Na durƙusa na gaishe ta, ta ba ni ruwa na sha, na karanto mata labarin jakina.

"Ayya, ɗana," ta ce. "Auraki ne ko duna?"

Launin jakai take tambaya, ni kuwa ban san wanne ne mai haske wanne ne baƙi ba. Na ce, "Tsaka-tsaki ne, Iya."

"Namiji ko mace?"

"Ban... ban duba ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce Allah ya bayyana. Ni kuma na ji daɗi a raina, na ce tsohuwa ta hau. Na gyara zama na shiga abin da ya kawo ni. Ana sata a unguwar nan? Ta ce ko akuya ka bari a waje, da safe za ka tarar an ba ta dusa. Faɗa fa? Ta ce sai na bakin rijiya, shi ma guga na fitowa ya ƙare. Na nuna gidan da sandata, na ce wancan fa, na ga kamar ba kowa.

Ta ja numfashi. "Gida lafiyayye, ɗana. Da ba don zancen mushen nan ba."

Na ce, "Mushe, Iya?"

"Mushe. Tun da aka fara maganarsa hankalin unguwa ya tashi. Iyaye sun kwashe 'ya'yansu, wasu an kai su Dancawo wurin dangi, wasu an tura su ruga bin shanu. An ce in ya taɓa yaro shi ke nan, yaro ya tashi daga aiki. Ba noma, ba kiwo, sai ya riƙa magana ta hanci."

(Na san kai mai karatu ka riga ka gano. To, ka yi mini uzuri. Mutumin da yake ganin kansa turare ba ya tsammanin da shi ake in an ce wari.)

Na ce, "Yana ina, Iya?"

Ta dube ni tun daga rawani har ƙafa. "Kusa yake, ɗana. Kusa ƙwarai."

Na buɗe hanci na shaƙa. Wallahi sai na ji shi, wani ɗoyi mai nauyi yana tasowa. Na ce shi ke nan, wata dabba ce ta faɗa rijiya ta ruɓe, dillali ya ɓoye mini, har cuta ta fara kama yara a hanci. Rijiyar da Rabi za ta ɗebi ruwa ta yi wa 'yata wanka! Na miƙe ko sallamar kirki ban yi ba. Ban tsaya na leƙa ƙwaryar da ke gabanta ba, balle in ga daddawa take sayarwa.

Ranar Juma'a na sha kaki, na maƙala tabarau, na isa zauren mai unguwa. Zaure ya cika: liman, dillali, ƙanen mai gidan da ya zo daga Bande, da dattawan unguwa jere a kan buzaye. Kafin liman ya ɗaga hannu na ce a dakata, ina da magana. Na miƙe tsaye kamar ina gaban allo. Na yi musu darasin tsabta mai tsawo, na kawo zancen ƙuda da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Sannan na ɗaga murya.

"Ranka ya daɗe, na yi bincike, na san abin da ake ɓoye mini. Akwai mushe a zancen gidan nan. Ba zan ajiye ko dala ɗaya ba sai an ɗaura masa igiya a ƙafa, an ja shi bayan gari ungulu sun cinye. In ba haka ba, gobe likita zai ji, kumandan, Baturen mulki, shi ma zai ji!"

Dillali ya saki baki. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ni kuwa na ɗauka kunya ce ta kama shi. Mai unguwa ya ce a hankali, "Wa ya gaya maka, Malam?" Na ce wata tsohuwa mai gaskiya, ba irin dillalai ba. Ya aika a kira ta.

Iya Delu ta tsaya daga bakin zaure, ta gaida mutane, ta juyo gare ni. "A'a, mai jaki! An gan shi kuwa?"

Na ce yaya aka yi ta gane ni.

"Ɗana, ga sawun tabarau a hancinka, ga alli a farcenka. Kuma duk tambayar da ka yi sai ka ce 'bon'. Na ce ikon Allah, Nasara ya kai Sasumburum har masu jakai sun iya Faransanci."

Mai unguwa ya share hawayen dariya da bakin rawani. "Malam, bakinmu bai iya 'Misye' ɗin nan naku ba. Mu nan Mushe muke ce wa malamin lakwal. Mushen bai shiga gidan ba tukuna, ga shi nan tsaye yana yi mana wa'azi."

Daga can lungu wani dattijo ya ce, "To, igiyar fa, a kawo ta?"

Zaure ya kece da dariya. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Na koma na zauna a kan buzu.

Da dariya ta lafa sai mai unguwa ya gyara murya, abin ya koma ba wasa. Ya ce dattawa sun zo masa tun shekaranjiya, sun roƙe shi kada ya shaida cinikin nan. Suna tsoron in na zauna cikinsu zan riƙa ƙidaya 'ya'yansu ta kan katanga ina kai suna lakwal. Nan na ga gida yana kuɓuce mini, na ga Rabi tana ƙara wata biyar a Damagaram. Na ce, da muryar da ban san ina da ita ba, "Iyayena, ɗaukar yara ba a hannuna take ba, umarni ne daga sama ake aiko shi. Amma na yi alkawari bakina ba zai kai sunan ɗan kowa ba. Wurin da zan ajiye iyalina kawai nake nema."

Sai Iya Delu ta ce, "Ku bar shi ya zauna. Mutumin da bai san jakinsa namiji ne ko mace ba, yaran wa zai iya ƙidayawa? Kuma ya durƙusa ya gaishe ni, ya sha ruwana bai yi ƙyama ba."

Liman ya shafa fatiha, ciniki ya ƙullu. Rabi ta iso kwana tara kafin ruwan farko, kuma kafin ta sauke kayanta matan unguwa sun ba ta labari kaf. Har yau, da furfurata da jikokina, in tuwo ya sauka sai ta leƙo zaure ta ce, "Mushe, a taso kafin ungulu su riga ka."

Abin da na koya shi ne, bincike kafin sayen gida abu ne mai kyau, ban hana kowa ba. Amma kafin ka je kana shinshina unguwar mutane, ka fara shinshina rigarka, don su ma suna da hanci.