Tunau da Shakazobar Motar Yayansa

A Tungar Maje akwai wani gida mai mutum huɗu: Inna tsohuwa, babban ɗanta Haladu, matarsa Kuluwa mai tsohon ciki, sai ƙaninsa Tunau. Tunau ya ba shekara arba'in baya, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai duk abin da ka faɗa masa, yadda ya fito daga bakinka haka zai ɗauke shi. Haladu yana da wata tsohuwar mota da ya gada, wadda in ta faɗa rami sai bayanta ya yi ta tsalle har na ciki su gwara kai da rufi. Ga haihuwa ta matso, ga hanyar asibiti duk ramuka, ga Haladu ya faɗo daga kan rumbu an ɗaure masa hannun dama. Dole gyara ya koma hannun Tunau.

Wata rana Haladu ya danna bayan motar, ya ga ta yi ta lilo, ya girgiza kai ya ce, "Shi ke nan, shakazoba ta mutu." Tunau ya yi salati ya fice. Kafin azahar ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane sun cika, har liman ya iso. Wata tsohuwa tana sharar hawaye ta ce, "Allah sarki Shakazoba! 'Yar wane gida ce ma?" Haladu ya fito ya yi ta ba da haƙuri, yana bayanin cewa wani ƙarfe ne mai hana mota tsalle. Liman ya ce tunda an taru, a yi wa motar addu'a kawai.

Wata rana suka ɗaga motar da jak, suka cire taya. Tunau ya sa sifana, noti ya ƙi motsi saboda tsatsa. Haladu ya ce, "Ba shi mai ya sha, a bar shi ya kwana." Tunau ya shiga ɗakin Kuluwa ya ɗauko man shanun da take tarawa don jego, ya lafta wa notin tas, ya lulluɓe shi da bargo. Da safe tururuwan garin kaf suna ƙarƙashin mota. Tunau ya kwance notin yana tsalle yana susa.

Wata rana da aka ciro shakazobar biyu, Haladu ya ce, "Tafi birni da tsohuwar, ka nuna wa mai shago ya ba ka sabuwa irinta guda biyu." Tunau ya ɗora Inna a babur, ita kuma ta ɗauka ziyara za a kai ta. Ya tsayar da ita gaban mai kayan mota ya ce, "Yaya ya ce a ba ni sabuwa irin wannan, guda biyu."

Mai shago ya dubi Inna sama da ƙasa ya ce, "Malam, an daina yin irinta."

Inna ta bi su duka biyun da sanda. Sai da aka kira Haladu a waya aka gane, aka ba su kayan.

Wata rana aka ɗaura sababbin, saura a duba. Motar na kan jak, Haladu ya ce, "Mu gama yau, baiwar Allah ta gaji da tsayuwa da ƙafa uku." Tausayi ya kama Tunau. Ya je tsakar gida ya juye geron Kuluwa a faifai, ya mirgino turmi, ya cusa shi ƙarƙashin bayan motar yana cewa, "Zauna ki huta." Kuluwa ta biyo shi da taɓarya tana faɗa. Haladu ya ce, "Wai yaushe za ka yi hankali? Bari in shiga in duba, in na fito ka mayar mata da turminta." Ya kwanta ya shige ƙarƙashi da hannu ɗaya.

Bai gama shigewa ba jak ya nutse cikin yashi ya zame. Motar ta rikito, ta dira a kan turmi, ji kake ƙum! Turmi ya tsage, amma ya riƙe. Tsakanin ƙarfe da hancin Haladu bai fi yatsa biyu ba. Taɓarya ta faɗi daga hannun Kuluwa. Tunau ya kamo ƙafafun yayansa ya janyo shi waje.

Motar dai ta gyaru, ta kai Kuluwa asibiti lami lafiya. Amma abin da mutanen Tunga suka riƙe shi ne yadda Haladu ya zauna a ƙasa ran nan, ya kama hannun ƙaninsa ya ce, "Tunau, ba ni da bakin gode maka."

Tunau ya sunkuya, ya leƙa fuskarsa da kyau, ya ce, "Yana nan, Yaya. Motar ba ta taɓa shi ba."