Yadda Za Ki Sallami Sistar Da Ke Cikin Kanki

Ke ma'aikaciyar jinya, matso kusa. In kika bi matakan nan, na yi miki alkawarin za ki ci abincinki da zafinsa a wurin aiki, kuma asibiti ba zai rushe ba. An gwada su a kan ƙanwata, nas ce a ɗakin mata, kuma tana nan da ranta.

Mataki na 1: Ki gane muryar

Akwai wata Babbar Sista da ke zaune a cikin kanki. Ba ta tashi daga aiki, ba ta zuwa hutu. Ita ce in kin ɗaure ciwo tsaf za ta ce, "Haka aka koya miki?" In kin zauna kuma ta ce, "Lallai, hutu kika zo yi." Ta ƙanwata har gida take bin ta. Abin haushin, Babbar Sista ta gaske baiwar Allah ce, kullum cewa take, "Je ki ci abinci."

Mataki na 2: Ki daina kai kula yawo

Masana irina sun tabbatar da cewa abinci ba ya shiga jiki ta hanyar rataya shi a kafaɗa. Ƙanwata kan tafi da kular abinci cike, ta dawo da ita cike. Har mijinta ya ce, "Kular nan ta kusa zama cikakkiyar nas, saura a ɗinka mata farin kaya."

Mataki na 3: Kada ki faɗi a gaban majiyyata

Wannan matakin ne ƙanwata ta tsallake. Tana tsaye a kan wata tsohuwa mai gado kusa da taga, tana yi mata faɗa: "Iya, ba a shan maganin nan da cikin wofi." Ba ta rufe baki ba ɗakin ya juya mata. Ta farka a gadon da ke kusa da na tsohuwar, ana yi mata ƙarin ruwa. Kunya ta rufe ta, hawaye ya zubo, Sistar cikin kai kuwa ta samu abin da take so: "Kin ji kunya. Nas guda a gadon majiyyata."

Mataki na 4: Ki samu wadda ta fi Sistar baki

Da ta koma aiki ta miƙa wa tsohuwar ƙwayarta, sai Iya ta damƙe hannu ta ƙi karɓa.

"'Yar nan, kin ci?"

"Zan ci, Iya, bari in gama zagaye."

"To ni ma zan sha in kin gama cin. Ba a ba da magani da cikin wofi."

Maganin hawan jini ne, ba abin wasa ba. Dole ƙanwata ta janyo kujera ta buɗe kula, Iya na lura da kowace loma. Kafin a ce me, duk ɗakin ya shiga yajin shan magani: ba mai buɗe baki sai an nuna mata gindin kula.

Mataki na 5: Ki yi amfani da dokar asibiti

Sistar za ta dawo, ba ta da zuciya. Ƙanwata na cikin taunawa ta ji ta fara: "Mutane na kwance ke kina..." Sai ta ajiye cokali, ta gyara murya irin ta korar masu dubiya, ta ce a fili, "Lokacin ziyara ya ƙare, a fita."

Wani mutum da ya zo duba matarsa ya miƙe sumsum ya fice. Ba laifi, kowane magani yana da illarsa.

Gargaɗi

In aka same ki kina korar wadda ba a gani aka kira miki likitan ƙwaƙwalwa, ba hannuna. In farin kayanki suka matse ki, ke da telanki. In kuma kika ce sai kin gama zagaye tukuna, to ki sani an sallami Iya, ta tafi gida. Ba mai damƙe hannu saboda ke yanzu. Ki buɗe kular da kanki.